Tsuguno Bai Ƙare Ba

A kulob ɗinmu na 'yan zamiyar ruwa, a wani tafki da ke wajen birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, akwai mutum biyu da kowa ya sani. Na farko shi ne wanda ya fi kowa haddace lambobi. Na biyu shi ne wanda ya fi kowa shan ruwan tafki. Duka biyun ni ne. In gardama ta kaure a kan zurfin wuƙar allo, ko fasalin cikin jirgi, ko shekarar da wane ya kafa tarihi, ni ake juyowa a tambaya. In kuwa aka ji tsulum a tsakiyar fili, ba mai ɗaga kai ya duba, don an riga an san mai aikin.

Ciwona ke nan, kuma gara in faɗe shi da bakina kafin wani ya riga ni: duk inda jikina ya gaza, aljihuna nake turawa ya yi belinsa. Ban taɓa fitowa daga ruwa ina zargin ƙafata ko ƙuguna ba. Kafin in gama tofar da abin da na kurɓa na riga na gano mai laifi, kuma kullum mai laifin abu ne da ake sayar da sabonsa a kanti.

Bari in bayyana wasan, don wanda bai taɓa gani ba ya san girman abin da nake kasawa. Sunansa silalom. Jirgi mai inji yana tafiya ɗoɗar a tsakiyar wani fili da aka shata a kan ruwa, tsawonsa mita 259. Kai kana baya riƙe da mariƙin igiya, ƙafafunka a kan allo guda, ɗaya gaba ɗaya baya. An ɗaure ƙwallaye shida masu iyo, uku dama uku hagu, kowanne mita 11.5 daga layin jirgi. Za ka shiga ta ƙofa, ka kewaye na farko a dama, ka ratsa bayan jirgi ka kewaye na biyu a hagu, haka har shida, sannan ka fice ta ɗaya ƙofar. In ka kammala sai a ƙara wa jirgi gudu, har a kai ƙololuwa: kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. A gudun maza, daga ƙofa zuwa ƙofa daƙiƙa 16 ne da 'yan kai. Da an kai nan sai a ƙyale gudu, a koma rage igiya.

Cikakkiyar igiya mita 23 ce, amma manya sukan fara daga 18.25, su sauko 16, 14.25, 13, 12, sai 11.25. A duba da kyau: ƙwallo yana mita 11.5, igiya tana 11.25. Igiyar ba ta ma isa wurin ba, da tsawon hannunka da na jikinka za ka cike giɓin. Duk da haka akwai masu ci gaba da ragewa. A 2013 wani Ba'amurke, Nate Smith, ya kewaye ƙwallo biyu da rabi da igiya mai mita 9.75, ya kafa tarihin duniya. A ɓangaren mata Regina Jaquess ce ta yi zarra, har igiya mai mita 10.25 take kaiwa, ga shi kuma mai harhaɗa magunguna ce a nan Florida, tana da wurin aikin da take zuwa kamar kowa. Wannan baiwar Allah ta kashe min uzurin rashin lokaci tun ban kawo shi ba.

Ni kuwa ina kan kilomita 46, wani lokaci 49 in safiyar ta zo da sa'a, igiyata tana 18.25, kuma ƙwallo na uku ne iyakar masarautata. Kowace gaɓa ta igiyar gasa da launinta: ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi, har a dangana da baƙi a 9.75. Igiyata tana da su duka. Jan ne kaɗai ya taɓa shiga turken jirgi, sauran suna nan fes, ba su san wahalar duniya ba. Ranar da zan saya, mai kanti ya nuna min wata mai sauƙin kuɗi wadda ta tsaya a gaɓoɓin farko. Na dube shi sama da ƙasa, na ce ya miƙo min cikakkiya.

Aiki ne ya kawo ni wannan jiha ta tafkuna da kadoji, inda zamiyar ruwa ta yi gida tun zamanin wasannin lambun Cypress Gardens. Ban taso a bakin kogi ba, iyo ma da gemuna na koya. Wani abokin aiki ya ja ni tafki, aka koya min tashi daga cikin ruwa: gwiwoyi a ƙirji, hannuwa a miƙe, hancin allo a sama, ka bar jirgi ya ɗaga ka, kada ka yi gaggawar miƙewa. Bayan na shayar da cikina daidai gwargwado, na tashi a kan allo biyu, daga baya na tashi a kan guda. Aka tafa min daga cikin jirgi. Tafin nan ne ya kai ni ya baro, don a ranar shaiɗan ya raɗa min cewa ni haifaffen ɗan wasa ne wanda kayan aro suka danne.

Allon kulob tsoho ne, mai faɗi, duk jikinsa ƙarje-ƙarje. Faɗin nan da dalilinsa. Mai koyo a hankali ake jansa, kuma a ƙaramin gudu allo mai faɗi ne ke ɗaukar nauyin mutum a saman ruwa, ya kuma yafe masa kurakurai. Allon gasa siriri ne, mai tauri, mara nauyi, an yi shi da zaren kabon don wanda ke gudun 55 ko 58, kuma ba ya yafiya: duk abin da ka gaya masa da ƙafarka zai aikata, ko da wauta ce. Na san wannan duka, na karanta, har na yi wa wasu bayani. Sannan na je na sayi allon gasa, irin wanda kuɗinsa ke kusantar dala 2,000 tun ba a ɗora masa takalmi ba. Kamfanonin da ke wannan sana'a ba su da yawa, su HO da Radar da D3 da Connelly da Goode, kuma na haddace jadawalin kowannensu na tsawon allo da nauyin mai hawa. Nauyina ya ce inci 68. Na ɗauki 67, saboda ina da niyyar ramewa.

A gudun 46 allon nan ya riƙa nutsewa da ni, ina jansa yana jana. Mai hankali zai ce ya saye abin da ya fi ƙarfinsa. Ni cewa na yi samfurin wannan shekarar ne bai dace da salona ba, kai ka ce ina da salo. Na sayar, na sayi wani. Shi ma na gano masa aibu. Magabata sun gama magana a kaina tun ban zo duniya ba: an sayar da kare an sayi biri, tsuguno bai ƙare ba.

Daga allo sai cutar ta gangara zuwa wuƙa, kuma a nan ta yi tsanani. A ƙarƙashin wutsiyar allo akwai wani siririn faifan ƙarfe da ke yanka ruwa, shi ke hana wutsiya zamewa gefe. Ana iya kwance shi a motsa. Lambobi uku ake aunawa: zurfinsa, wajen inci biyu da rabi, tsawonsa, ƙasa kaɗan da inci bakwai, da nisansa daga ƙarshen allo, kusan kashi uku cikin huɗu na inci. A jikinsa kuma akwai ɗan fiffike da ake karkatawa tsakanin digiri 7 da 9, wanda ke taimakawa wajen rage gudu kafin kwana. Masana sun ce in ka ƙara zurfi allo zai ƙara riƙo amma ya yi taurin juyawa, in ka ƙara tsawo hancinsa zai ƙara shiga ruwa, in ka matso da wuƙar gaba kwana za ta ƙara matsewa. Duk gaskiya ne. Awon kuwa da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake yin sa, da ma'auni mai baki biyu irin na masu gyaran inji.

Na sayi ma'aunin. Na sayi 'yan ƙarafan auna fiffike. Na sayi littafi mai bangon roba don kada ya jiƙe, ina rubuta lambobin kowace safiya tare da zafin ruwa da inda iska ta dosa. Sauran mutane suna miƙa jiki a bakin tafki, ni ina durƙushe a kan allo da tabarau a karan hanci, ina motsa ƙarfe da abin da bai wuce kaurin gashi biyu ba. In na faɗi a ƙwallo na biyu, wuƙa ta yi zurfi. In na faɗi a na uku, ta yi gaba da yawa. In na faɗi tun a ƙofa, to ruwan ne ya yi sanyi, lambobin bazara ba sa aiki a hunturu. Irin wannan gyara yana da ma'ana ga wanda ke maimaita motsi iri ɗaya a kowane zubi, har zai ji bambancin gashi guda. Ni ban taɓa yin kwana biyu masu kama da juna ba. Ina farautar kuskure mai kaurin gashi, alhali ƙuguna ya kauce daga inda ya kamata ya tsaya da ƙafa guda cur.

Takalmi da safar hannu da mariƙi ba sai na tsaya a kansu ba, labarin ɗaya ne. Abin da uwargida ta faɗa ranar da wani kwali ya iso ya wadatar.

"Abban yara, wannan kuma na mene ne?"

"Takalmin allo ne."

"Na kwanakin baya fa?"

"Wancan na roba ne. Wannan mai tauri ne, yana da ƙugiyar da ke sakin ƙafa in mutum ya faɗi."

Ta juya kwalin, ta duba rasit, ta ce, "To, wannan kam ba asara ba ce. Shi ne abu na farko da ka saya wanda zai yi aiki kullum."

Sai maganar jirgi, inda na fi ban dariya, don ba ni da jirgi, ba ni da wurin ajiye shi, ba ni da motar da za ta ja shi. Wannan bai hana ni zama alƙali ba. Jirage uku ne suka daɗe suna jan manyan gasa: Ski Nautique na kamfanin Correct Craft da ke nan Orlando, da ProStar na MasterCraft, da Response na Malibu, su biyun daga jihar Tennessee. Fasalinsu ɗaya ne a dunƙule. Tsawo wajen ƙafa 20, inji a tsakiyar jirgi don nauyi ya daidaita, farfela a ƙarƙashin ciki, turken igiya dab da inji, ga wasu ƙarafa a ƙasa da ke hana ɗan wasa fizge jirgi daga layinsa. Manufar duka ita ce taguwar da jirgi ke bari a baya ta zama ƙarama, mai laushi, don ita za ka ratsa tsakanin kowane ƙwallo da na gaba. Kishiyarsu su ne manyan jiragen masu hawan taguwa, waɗanda injinsu ke baya, ake kuma ɗura musu ruwa a tankuna da gangan don su tayar da tudu. In ɗaya ya ratsa tafkin jama'a, 'yan silalom sai su naɗe igiya. Shi ya sa muke sammako, kafin iska ta tashi, kafin su farka. A nan kaɗai na fi Turawan kulob: su da agogo suke kokawa, ni kuwa daga sallar asuba sai tafki.

Sabon jirgin gasa ya haura dala 100,000. Na san bambancin cikin kowanne, na san shekarar da aka sauya fasali, ina iya raba dare ina kallon hotunan taguwa ina kwatantawa. Dattawan kulob suna cewa tsohon jirgi mai inji a tsakiya, in an kula da shi kuma yana da na'urar riƙe gudu, ya ishi mutum har ya tsufa. Ni nakan girgiza kai in ce ai taguwar jirgin kulob ce ke kayar da ni. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kuma ita ce abincin ƙaryata: a ƙaramin gudu da doguwar igiya taguwa ta fi tudu, don haka mai koyo ne ke haɗuwa da mafi muninta. Sai dai wannan taguwar ce 'yan mata 'yan makarantar firamare ke ratsawa a gabana suna murmushi. Na taɓa roƙon wani bawan Allah mai jiki, wanda ya taimaka ya zauna a jirgi yana lura da ni, da ya ɗan matsa tsakiya don nauyinsa ya karkata taguwar. Ya matsa, Allah Ya saka masa. Na faɗi a daidai inda na saba.

A da can direba ne mai ɗaukar zunubin kowa, tunda da hannu yake riƙe gudu. A shekarun 1990 na'urar PerfectPass ta ƙasar Kanada ta shigo, daga baya Zero Off ta zo tana aiki da tauraron ɗan'adam, tana riƙe gudun jirgi daidai ko ɗan wasa ya ja ko ya saki. Ka ce an rufe ƙofar uzuri. Ina! Na'urar tana ba ka zaɓin harafi, A ko B ko C, da lamba, 1 ko 2 ko 3, waɗanda ke tsara lokacin da inji zai amsa janka da irin ƙarfin amsar. Ita tana aikinta ba ƙari ba ragi. Ni kuma na samu sababbin dalilai tara. Direbobin kulob sun gaji da ni har wani ya daina tambayata harafi, sai ya ɗaga min babban yatsa kawai. Daga baya na ji ashe bai taɓa canza komai ba, kuma ranakun da na yaba wa C2 da ranakun da na tsine wa A3, duk abu ɗaya aka ja ni da shi.

Har tarihi na jawo ya tsaya min shaida. A 1922, a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota, wani saurayi mai shekara 18, Ralph Samuelson, ya ƙirƙiro wannan wasa. Ya fara gwadawa da katakon ganga, bai yi ba. Ya gwada allon zamiyar ƙanƙara, bai yi ba. Sai ya samo falankin katako biyu masu tsawon ƙafa takwas, ya lanƙwasa hancinsu, ya ɗaura musu maɗaurin fata, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi, ya tashi. Na ce wa uwargida ta gani, uban wasan ma sai da ya canza allo har sau biyu. Ta tambaye ni nawa ya kashe. Na ce tarihi ba a nan darasinsa yake ba. Abin da ban gaya mata ba shi ne, abin da ya tayar da yaron har da gano yadda zai tsayar da jikinsa, ya jingina baya hancin allo na sama. Wannan rabin labarin ba na son sa.

Wanda ya fasa ƙwan wani dattijo ne a kulob, Bature mai ƙarancin magana, wanda ya fara wasan tun ba a haife ni ba, kuma har yau yana kammala ƙwallo shida da wani allo da ya girmi babban ɗana. Wata safiya ya ɗaura waya a turken jirgi ya ɗauke ni bidiyo. A raina, in ina kan ruwa, jikina a miƙe yake sambal, na karkata, ruwa na tashi a bayana. Mutumin da na gani a wayar tsugune yake, irin tsugunon mai wanki a bakin rijiya: ɗuwawu a baya, ƙirji a gaba, hannuwa a lanƙwashe, ido a zare. Na ce ko kusurwar kyamarar ce. Dattijon ya ce, "Abokina, bar kyamara ta huta. Kalli abin da kake yi kafin taguwa."

Ya rage gudun hoton, muka kalla tare. Ga yadda abin ya kamata ya kasance. Da ka gama kwana igiya ta miƙe, sai ka jingina jikinka gaba ɗaya ka yi nesa da jirgi, hannuwa a miƙe, mariƙi a ƙasa dab da ƙugu, kafaɗa da ƙugu da ƙafa a layi ɗaya, gwiwa da idon sawu a ɗan sake, nauyi a kan ƙafar gaba. Ba da damtse ake ja ba, babu damtsen da zai ja da inji mai ƙarfin doki ɗaruruwa. Ƙashin jikinka ne ke karɓar jan ya miƙa wa allo, allo kuma yana kan kaifinsa, sai ya mayar da jan ya zama gudu. Gudun nan ya fi na jirgin nesa ba kusa ba. A haka za ka yanka taguwa biyun, allo na kan kaifi, sannan ka juya shi zuwa ɗaya kaifin, ka bar gudun da ka tara ya kai ka waje, ka saki hannu ɗaya, ka isa gefen ƙwallo da wuri kana jiransa. Duk aikin ana yin sa ne daga ƙwallo zuwa taguwa. Abin da ya biyo baya girbi ne.

Ga kuma abin da nake yi. Ina fara jinginar daidai. Sai gudu ya zo, iska ta cika min kunne, in hango tudun ruwa yana tahowa. A wannan ƙiftawar ido sai wani abu a cikina ya ce, kai, kana da 'ya'ya. Sai in ɗago, in janyo mariƙi zuwa ƙirji, ƙugu ya gudu baya, allo ya sauka daga kaifi ya kwanta. Allon da ya kwanta ba ya yanka taguwa, hawanta yake yi, sai ya yi tsalle da ni. Ina sauka na rasa gudu, na rasa kusurwa. Don in rama sai in ci gaba da ja bayan an wuce wurin ja, in iso ƙwallo a makare, a guje, a matse. In yi kwana da ƙarfin tsiya, igiya ta yi sako-sako, jirgi ya tafi da rararta, sannan ya fizge ni. A ƙwallo na farko bashin kaɗan ne. A na biyu ya ninka. A na uku ake zuwa karɓa. Faɗuwar da nake rubuta wa wuƙa a littafi, tun a taguwar farko na sa mata hannu.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Abin haushin kuma, ɗagowar da nake yi don in tsira ita ce ke jefa ni ta gaba, faɗuwar da ta fi kowace ciwo, mai taɓa haƙarƙari da idon sawu. Wanda ya jingina ya amince, in ma ya faɗi, yawanci zamewa yake yi a gefe ya tashi yana dariya. Na fahimci wannan sarai da ƙwaƙwalwa. Ƙuguna ne bai halarci darasin ba.

To me ya sa ban faɗi haka tun farko ba? Saboda a bakin tafki, cikin maza, "wuƙata ta yi zurfi" magana ce ta masana, ana gyaɗa kai, wani ma ya kawo shawara. "Gabana ne ke faɗuwa" kuwa ba ta da kujera a majalisa. Mutum ya haura arba'in, ana ce masa Malam a gida, ana ce masa oga a ofis, sannan ya tsaya gaban yara ya ce tudun ruwan da bai kai gwiwa ba ne ke firgita shi? Saye ya fi sauƙi. In ka danna waya ka biya, a daren za ka kwanta da jin cewa ka yi wani abu game da matsalarka. Kafin kwali ya iso, kai gwani ne mai jiran kayan aiki. Kwanakin jiran nan su ne mafi daɗi a duk rayuwata ta wasa, don ba a faɗuwa a cikinsu.

Maganin da dattijon ya rubuta min ba shi da ko sisi. Ya ce in mayar da wuƙa kan lambobin kamfani in manta da ita. In koma allo mai faɗi. In bar fili da ƙwallayensa, in fita sarari in riƙa ratsa taguwa a hankali, daga kusa, allo na kan kaifi, sai jiki ya saba sannan in ƙara nisa. A gida kuma in ɗaura mariƙi a jikin ginshiƙi, in jingina, ƙugu a gaba, hannu a miƙe, har tsayuwar ta zauna min. Na yi, maƙwabta suna leƙe ta taga suna ganin baƙon unguwa yana ja-in-ja da ginshiƙin gareji. Amma zuciyata ba ta yarda da maganin da ba a biya ba. Na tambaye shi ko akwai wata na'ura ta musamman da ake sayarwa don wannan atisaye. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tafi ya duba mai a jirgi.

Ban ce ba a samu canji ba. Wata safiya na dake, na riƙe jinginar, allo ya yanka taguwa biyun ban ma ji su ba. Na iso ƙwallo na biyu da wuri ƙwarai, abin da bai taɓa faruwa ba, har na rasa me ake yi da irin wannan lokaci. Ina cikin mamaki na faɗi. Amma na ɗanɗana, kuma yanzu na san abin da ke tsakanina da ƙwallo shida ba ya cikin kowane kanti. Sanin bai kashe cutar ba, ya dai hana ta sakewa. Makullin kwance wuƙa yana hannun uwargida, ta ɓoye shi inda take ɓoye kuɗin cefane, wurin da ban taɓa ganowa ba.

Labari ya kai gida, ban san ta wace hanya ba. Yayana ya kira ni ya ce, "Kai da Inna ba ta barin ka leƙa ko kududdufin unguwa, yanzu an ce jirgi ke janka a kan katako cikin kadoji?" Na ce, "Yaya, motsa jiki ne." Ya ce, "Madalla. Katakon nawa ne a kuɗinmu?" Na yi lissafin a zuci, na ga abin da zai biyo baya, na ce masa layin ba kyau, ba na jin sa sosai. Ko a nan, na'ura na ɗora wa.

In akwai mai sha'awar shiga wannan wasa, shawarata ɗaya ce, kuma da kuɗina na saye ta: kada ka sayi sabon komai. Nemi irina. Muna da yawa, mu ne ke ciyar da kasuwar kayan hannu, kuma kayanmu ba su sha wahala ba, don ba mu daɗe a kansu muna tsaye ba. Allona na biyu, wanda na rantse yana da karkata tun daga masana'anta, wani yaro ɗan sakandare na sayar wa a rabin kuɗi. Tsoron Allah ya sa na gaya masa aibin kafin ya biya. Ya mayar da wuƙar kan lambobin kamfani, ya shiga ruwa, ya kammala shida a 58, aka rage igiya zuwa ruwan goro ya sake kammalawa, ina tsaye riƙe da littafina. Da ya fito ya gaishe ni da ladabi, ya ce in akwai sauran masu karkata a gida, don Allah in fara sanar da shi kafin kowa.